Filin Tambaya da Amsa: Kayan Hannu na Hanyar Siliki da Haƙƙin Masu Yin Su

Wasiƙun da suka taru a wannan fili a watan nan sun karkata ga kayan hannu na ƙasashen Asiya ta Tsakiya da maƙwabtansu, wato yadi da darduma da mayafi da tangaran, waɗanda 'yan kasuwarmu da alhazanmu suke cin karo da su a Dubai da Istanbul da Jidda, da kuma tambarin cinikin adalci da ake liƙa wa wasu daga cikinsu. Na zaɓi guda shida, na taƙaita kowace tambaya ba tare da na taɓa ma'anarta ba.

TAMBAYA, daga wani malamin tarihi a Katsina: Ɗalibaina sukan tambaye ni ko sana'o'in da aka san Hanyar Siliki da su suna nan da rai, ko kuwa sai a gidajen ajiye kayan tarihi ake ganinsu. Me zan ce musu?

AMSA: Malam, ka ce musu suna nan da rai, amma ka ƙara da cewa wasunsu sai da suka kai gargara sannan aka farfaɗo da su. Ka fara nuna musu cewa hanyar ba guda ɗaya ba ce. Hanyoyin ayari ne masu yawa da suka taso daga birnin Chang'an na ƙasar Sin, wanda ake kira Xi'an a yau, suka kewaye hamadar Taklamakan ta arewa da ta kudu, suka haɗu a Kashgar, sannan suka ratsa kwarin Fargana da Samarkand da Bukhara da Marw har zuwa Farisa da gaɓar Bahar Rum. Masana tarihi sukan fara lissafi daga shekara ta 138 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin da sarkin daular Han ya aiki manzonsa Zhang Qian zuwa yamma, sunan da muke kiran hanyar da shi kuwa wani Bajamushe masanin labarin ƙasa, Ferdinand von Richthofen, shi ya yaɗa shi a 1877. Abin da ya kamata ɗalibanka su riƙe shi ne fatake ƙalilan ne suke bin hanyar daga farkonta zuwa ƙarshenta. Haja tana sauya hannu ne daga zango zuwa zango, kowane dillali yana cire rabonsa, har ta isa ga mai saye wanda bai san sunan masaƙin ba, bai san garinsu ba, bai kuma san nawa aka biya shi ba. Wannan tazara tana nan har gobe, kuma ita ce tushen sauran tambayoyin da ke ƙasa.

A Bukhara ta ƙasar Uzbekistan, garin da aka haifi Imamu Bukhari a shekarar 194 ta Hijira, har yanzu rumfunan kasuwa masu ƙubba na ƙarni na 16 suna tsaye, ɗaya ta maƙeran zinariya, ɗaya ta masu sayar da huluna, ɗaya ta 'yan canji, kuma ana ciniki a cikinsu. Sai dai a zamanin Tarayyar Sobiyet an hana masu sana'a yin aikin ƙashin kansu, aka tattara su a ƙungiyoyi da masana'antun gwamnati, ilimin da uba yake miƙa wa ɗa ya yanke a gidaje da yawa. Bayan samun 'yancin kai a 1991 ne aka shiga neman dattawan da suka rage ana tambayarsu.

Takardar Samarkand misali ce da za ta burge ɗalibanka. Ana yawan danganta shigar sana'ar garin da yaƙin Talas na shekarar 751 tsakanin Musulmi da sojojin Sin, daga can ta isa Bagadaza a ƙarshen ƙarni na 8, ta bi ta Sham da Masar da Andalus har ta kai Italiya. Takardar nan mai alamar jinjirin wata uku da malamanmu na ƙarni na 19 suka yi rubutu a kanta daga arewacin Italiya ta fito, ta ƙetaro Sahara, don haka jikar waccan sana'a ce. A Samarkand kanta kuwa takardar inji ta kashe sana'ar. Wani mai sana'a, Zarif Mukhtarov, shi ya dawo da ita a ƙauyen Konigil da ke gefen birnin, inda ake jiƙa ɓawon itacen tut, wato itacen da tsutsar siliki take cin ganyensa, a dafa shi, a kankare, a daka shi da taɓaren da ƙarfin ruwa yake ɗagawa, a tace, a shanya, sannan a goge kowane falle da dutse mai santsi har ya yi sheƙi.

TAMBAYA, daga wata 'yar kasuwa mai sayar da yadi a Kano: An sayar mini da wani yadi mai zane kamar launi ya zuba, aka ce silikin Uzbekistan ne saƙar hannu. Da na wanke ƙyalle ɗaya sai na ga bayansa fari fat. Yaya ake gane na gaske, kuma me ya sa wani yake ninka wani a kuɗi?

AMSA: Hajiya, bayan da kika gani fari ya riga ya ba ki amsa: yadin bugu ne na inji, an kwaikwayi zanen an buga shi a fuska ɗaya. Na gaske ba a rina shi bayan saƙa, zaren ake rinawa tun bai hau masaƙa ba, kuma sanin yadda ake yin haka shi ne zai hana a sake yi miki irin wannan.

Cibiyar sana'ar ita ce garin Margilan da ke kwarin Fargana. Yadin iri biyu ne mafi shahara: atlas, wanda siliki ne zalla, da adras, wanda zaren tsayensa siliki ne, na kwance kuma auduga. Aikin yana farawa daga tsutsar siliki, wadda take shafe kimanin wata guda tana cin ganyen tut kafin ta naɗe kanta a cikin ƙwanso. Zaren da ke jikin ƙwanso ɗaya sili guda ne da yakan kai ɗaruruwan mita, kuma sai an tara ƙwanso dubbai kafin a sami kilo ɗaya. Ana jefa su a tafasasshen ruwa, a kamo bakin zaren, a haɗa sili da yawa a murɗe su su zama zare guda. Daga nan sai a yi waɗari, a raba zaren tsaye ƙulli-ƙulli, a shimfiɗa shi a kan katako. Mai zane ya zo ya ɗiɗɗiga alamu a kan zaren, mai ɗauri kuma ya bi alamun yana naɗe duk wurin da ba a so launi ya taɓa, naɗi mai ƙarfin da ruwa ba zai ratsa ba. A tsoma a launi na farko, a kwance wasu wurare, a ɗaure wasu, a tsoma a na biyu, haka har launukan su cika. Duk wadda ta taɓa kai ƙyalle marinar Ƙofar Mata ta san ɗaurin da ake yi don hana shuni shiga, bambancin kawai shi ne a can zare ake ɗaurewa, kuma mai ɗaurin ba ya ganin zanen da yake yi sai ranar da aka ɗora zaren a masaƙa. A lokacin ɗorawar ne zaren yake ɗan gocewa, wani sili ya yi gaba wani ya yi baya, shi ya sa gefen zanen yake fitowa da gashi-gashi. A Bukhara ta ƙarni na 19 aikin a rabe yake tsakanin al'ummomi: Tajikawa sun shahara da rinin ja da rawaya, Yahudawan garin kuma su ke riƙe da rinin shuɗi. Yadi ɗaya yakan bi ta hannun mutane da yawa, kuma kowanensu yana da haƙƙi a cikin kuɗin da kika biya.

Idan kin je saye, ki zaro sili ɗaya na tsaye daga bakin yadin. A na gaske za ki ga launinsa yana sauyawa a tsawonsa, ja ya koma fari, fari ya koma shuɗi, alhali zaren kwance launinsa ɗaya ne tak. Ki duba faɗi, domin saƙar hannu ba ta cika wuce santimita 40 zuwa 50 ba. Sannan ki ƙona silin: siliki yana warin ƙonannen gashi, ya bar toka mai murƙushewa a yatsa, na roba kuma narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri. Akwai kuma na tsaka-tsaki, wanda aka ɗaure zarensa aka rina da hannu amma inji ya saƙa. Wannan ba jabu ba ne, sai dai bai kamata a karɓi kuɗin saƙar hannu a kansa ba.

Wuraren da aka sani da aikin gaske a Margilan sun haɗa da masana'antar Yodgorlik, wadda aka kafa a 1972, da cibiyar raya sana'o'i ta garin, wadda hukumar UNESCO ta sanya a jerin kyawawan misalan kare al'adu a 2017. Duk da haka ina so ki san cewa sahihancin saƙa abu ɗaya ne, adalcin da aka yi wa manomi kuma wani abu ne daban. Shekaru da dama gwamnatin Uzbekistan tana tilasta wa ɗalibai da malamai da ma'aikatan asibiti fita tsinkar auduga, har manyan kamfanonin tufafi na duniya suka ƙaurace wa audugar ƙasar, kuma sai a watan Maris na 2022 aka janye ƙauracewar bayan an tabbatar da cewa tilastawar gwamnati ta kau. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun kuma yi ƙorafi a kan yadda ake ɗora wa manoma adadin ƙwanson siliki da za su kawo a kan farashin da ba su ne suka yanka ba. Mai sayar miki da ya san aikinsa zai iya gaya miki inda zarensa ya fito.

TAMBAYA, daga wani ɗalibin jami'a a Damagaram: Mene ne ainihin cinikin adalci? Wa yake ba da shaidarsa, kuma anya ba dabarar tsawwala farashi ba ce?

AMSA: Ɗan'uwa, zarginka yana da tushe, domin a ƙasashe da yawa babu dokar da ta hana kowa rubuta waɗannan kalmomi a jikin hajarsa. Amma tsarin na gaske yana nan, kuma da kayan hannu ya fara. A 1946 wata Ba'amurkiya, Edna Ruth Byler, ta ga matan Puerto Rico suna yin ɗinkin hannu mai kyau babu kasuwa, ta riƙa sayen kayan tana sayarwa daga bayan motarta, abin da daga baya ya zama shagunan Ten Thousand Villages. A 1988 aka fito da tambarin Max Havelaar a Holan domin gahawa, a 1989 aka kafa ƙungiyar cinikin adalci ta duniya da a yau ake kira WFTO, a 1997 kuma aka kafa Fairtrade International a birnin Bon na Jamus.

Bambancin waɗannan biyu na ƙarshe shi ne abin da masu saye suka fi jahilta. Tambarin Fairtrade na amfanin gona ne galibi, irin su gahawa da koko da ayaba da auduga, domin kayan da ake aunawa a sikeli ana iya yanka musu mafi ƙarancin farashi. Darduma ko kwano ko hula ba sa aunuwa haka, kowane da yawan aikin da ya ci. Saboda haka WFTO ba haja take tantancewa ba, kamfanin ko ƙungiyar take bincika gaba ɗaya, bisa ƙa'idoji goma da suka haɗa da biyan lada mai adalci, da hana bautar da yara da aikin tilas, da bayyana wa mai sana'a yadda aka yi lissafin farashi. Ƙa'idar da ta fi burge ni a ciki ita ce wadda ta ce idan mai sana'ar hannu ya nema, dole mai saye ya ba shi aƙalla rabin kuɗin aikin kafin alƙalami, ba tare da ruwa ba. Wanda ya san halin masu sana'a ya san cewa nan ne gizo yake saƙar. Masaƙiyar da ba ta da kuɗin zare takan karɓi zare bashi daga dillali, shi ne kuma zai yanka wa kayan farashi ranar da aka gama, ita kuwa ba ta da bakin cewa albarka. Kafin alƙalami marar ruwa yana raba ta da wannan ƙangi fiye da duk wani yabo da za a rubuta a takarda.

Rashin tambari kuma ba ya nufin zalunci. Binciken yana cin kuɗi, yana buƙatar rubuce-rubuce da harshen waje, kuma mafi yawan ƙwararrun Asiya ta Tsakiya ba su da shi. Maginin tangaran na garin Rishtan a Uzbekistan da yake haƙo jan yumɓun garinsu, ya ƙona wasu ciyayin daji ya haɗa ruwan sheƙin da suke kira ishkor da tokarsu, ya sayar maka da kwano hannu da hannu a ƙofar gidansa, ya fi kusa da adalci fiye da wani babban shago mai tambari uku. A ganina ma'auni shi ne ko mai sayarwa zai iya faɗa maka wanda ya yi kayan, da garinsu, da abin da ya shiga hannunsa. Idan ya kasa ukun nan, ƙarin kuɗin da ya ɗora ba ga mai sana'a yake tafiya ba.

TAMBAYA, daga wani dattijo a Gusau: Ina son sayen darduma saƙar hannu domin falona, amma na ji an ce ƙananan yara ake sa wa su saƙa. Gaskiya ne? Kuma yaya zan bambanta ta da ta inji?

AMSA: Ranka ya daɗe, abin da ka ji gaskiya ne, kuma ya dace mutum ya damu da shi. A wasu yankunan Pakistan da Indiya da Nepal da Afganistan an daɗe ana ba iyaye matalauta bashi a karɓi ɗansu a matsayin jingina, yaron ya zauna gaban masaƙa daga safe har dare, bashin kuma ba ya ƙarewa domin kullum ana ƙara masa kuɗin abinci da tarar kuskure. Wanda ya fi tona wannan asiri shi ne Iqbal Masih, yaro ɗan Pakistan da aka miƙa wa mai masaƙa yana da shekara 4, ya tsere yana da 10, ya zagaya yana ba da labarin abin da ya gani har a Turai da Amurka, aka harbe shi a 1995 yana da shekara 12. A 1994 Kailash Satyarthi na Indiya, wanda ya sami kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2014, ya kafa tsarin Rugmark, wanda a yau ake kira GoodWeave. Duk kamfanin da ya shiga tsarin ya yarda masu bincike su faɗa masaƙunsa ba sanarwa, kowace darduma tana ɗauke da lamba a bayanta da za a iya bin sawunta, kuɗin lasisin kuma ana kashe wani ɓangarensa wajen karatun yaran da aka ceto. Akwai kuma Label STEP ta ƙasar Suwizalan, wadda aka kafa a 1995, ita kuma ta fi mai da hankali ga lada da yanayin aikin manya. Hujjar da wasu dillalai suke kawowa cewa ƙananan yatsu sun fi iya ƙulli ba gaskiya ba ce, dardumomin da suka fi kowanne laushin saƙa manyan ƙwararru ne suka yi su. Yaro ana ɗaukarsa ne don ba shi da tsada kuma ba ya musu.

Lissafi kaɗan zai taimake ka a wurin ciniki. A ce darduma mai mita 2 da mita 3, wadda take da ƙulli 40 a kowane santimita 10 tsaye da kwance. Kowace murabba'in mita tana da ƙulli 160,000, dardumar gaba ɗaya 960,000. Ko da masaƙiya tana yin ƙulli 8,000 a yini, sai ta shafe kwana 120 ba hutu, ban da wanda ya yi sausayar tumaki, da mai kaɗi, da marini, da mai wanki, da kuɗin jirgi, da ribar mai shago. Idan aka sallama maka irin wannan a kuɗin da bai kai ladan wata guda ba, to ko dai ta inji ce, ko kuwa akwai wanda aka ci gumin sa a hanya.

Ganewa kuwa a bayan dardumar take. Ka kifa dardumar: a ta hannu zanen yana fitowa sarai a baya, ƙulli-ƙulli, layukan ba su miƙe sak ba, geza kuma ci gaban zaren tsaye ne, ba ɗinka ta aka yi ba. Idan ka ga an manna wani ƙyalle ya rufe bayan, wannan da bindigar cusa zare aka yi ta aka shafa gam. Ka lanƙwasa fuskar ka buɗa gashin, za ka ga ƙullin a gindinsa. Ɗan sauyin launi a tsakiyar fili, inda ja ya ɗan yi duhu ko haske, alama ce ta cewa zaren rini daban-daban ne, kuma masana ba sa ɗaukarsa aibi. Mafi yawan dardumomin salla da alhazai suke tsarabarsu na inji ne, daga Turkiyya ko Sin, kuma babu laifi a cikinsu muddin ba a kira su da sunan da ba nasu ba.

Wannan sana'a ta cancanci a biya ta da daraja. Darduma mafi tsufa da aka samu, ta Pazyryk, an tono ta a 1949 daga wani kabari mai ƙanƙara a tsaunukan Altai, ta haura shekara 2,300, kuma tana da kimanin ƙulli 36 a kowace murabba'in santimita, abin da ya nuna tun a lokacin sana'ar ta riga ta nuna. A yammacin Turkiyya kuwa, bayan rinin kanti ya kori na gargajiya, wani Bajamushe malamin kimiyya, Harald Böhmer, ya binciki launukan tsofaffin dardumomi ya gano tsirran da aka rina su da su, a 1981 aka kafa shirin DOBAG tare da jami'ar Marmara, matan ƙauyukan Ayvacık da Yuntdağ suka koma rini da saiwa da ganye, suna sayarwa ta hannun ƙungiyoyinsu na gama kai, kowace darduma da lambar rajistarta.

TAMBAYA, daga wata amarya a Kumasi: An sa mini mayafai biyu a lefe, duka an rubuta pashmina a jikinsu. Ƙawata ta ce akwai wani da ya fi shi, wai shi shahtush. In nema?

AMSA: 'Yar'uwa, Allah ya ba da zaman lafiya, amma kada ki nemi shahtush. Ana yin sa ne da gashin wata barewa ta tsaunukan Tibet wadda ba a kiwonta, sai an kashe uku zuwa biyar kafin a sami mayafi ɗaya, kuma yarjejeniyar CITES, wadda take kula da cinikin namun daji da tsirrai, ta haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe, har ana ƙwace shi a filayen jirgin sama. Pashmina ta gaske kuwa halal ce: gashin ciki ne na akuyoyin makiyayan Changpa na Ladakh da ke arewacin Indiya, wanda ake tajewa a lokacin bazara ba tare da an cutar da dabbar ba, matan Kashmir su kaɗa shi da hannu, maza su saƙa. Indiya ta yi wa ta Kashmir rajistar asali a 2008, kuma wadda aka gwada tana ɗauke da alama mai lamba. Mafi yawan masu arahar da ke kasuwa zaren kanti ne mai sheƙi, na gaske kuwa ba ya walƙiya, ba shi da nauyi, yana da ɗumi da zarar ya taɓa jiki. Ki yi gwajin ƙona sili da na bayyana a sama.

TAMBAYA, daga shugabar wata ƙungiyar mata masu ɗinkin hula a Zariya: Mun ji labarin matan Kirgistan da suka haɗa kai suna sayar da shimfiɗunsu a ƙasashen waje. Yaya suka yi, kuma sayar wa baƙi bai ɓata musu sana'ar ba?

AMSA: Malama, shimfiɗar da kike nufi ita ce shirdak, kuma ba saƙa ta ake yi ba. Ana baza gashin tumaki a kan asabari, a yayyafa ruwan zafi da sabulu, a naɗe, a ɗaure, a yi ta taka shi ana mirginawa har gashin ya kama juna ya zama kauri ɗaya. Sai a ɗora falle biyu masu launi daban, a zana ado da alli, galibi ƙahon rago, a yanke su tare da wuƙa mai kaifi, a musanya: jan ya shiga gurbin baƙi, baƙin ya shiga gurbin ja, ba a zubar da ko ƙyalle. A bi mahaɗar da igiyar ulu da aka tufka, a ɗinke duka a kan wani falle na ƙasa da ƙananan ɗinki jere-jere. Babba takan ci watanni, tana kuma yin shekaru da dama ana takawa. Uwa ce take yi wa 'yarta ta tafi da ita gidan miji.

Da Tarayyar Sobiyet ta rushe, gonakin gwamnati suka watse, albashi ya tsaya, mata a yankin Narin suka ga abin da suke yi don kayan ɗaki shi ne kaɗai abin da za su iya mayarwa kuɗi. A garin Kochkor aka kafa ƙungiyar Altyn Kol a shekarun 1990, kuma ƙarfin irin waɗannan ƙungiyoyi yana cikin abubuwa ƙanana: shago ɗaya da kowa take kawo kayanta, duba inganci kafin a karɓa, sanin wadda ta yi kowace shimfiɗa, da kaso sananne da ƙungiya take cirewa, saura ya koma ga mai aikin. Duk da haka a 2012 UNESCO ta sanya sana'ar a jerin al'adun da suke buƙatar ceton gaggawa, saboda 'yan mata suna tafiya birni, shimfiɗun roba masu araha sun cika kasuwa, nagartaccen ulu kuma yana ƙaranci.

Game da tambayarki ta biyu, kasuwar baƙi tana da tasiri, ba na musu. Mai yawon buɗe ido yana son abin da zai shiga jakarsa, don haka aka koma yin ƙanana, aka rage kaifin launi don ya dace da ɗakunan Turai, wasu kuma suka rage ɗinki don su gama da wuri. Sauya girma ko launi ban ɗauke shi ɓarna ba, domin masu sana'ar wannan hanya tun fil azal suna yi wa na nesa aiki bisa abin da yake so. Rage ɗinki shi ne ɓarna, kuma ƙungiya mai duba inganci ita take hana shi. Haɗarin da ya fi girma shi ne dogaro da baƙi kaɗai, kamar yadda aka gani a 2020 lokacin da annobar korona ta rufe iyakoki, shagunan Bukhara da Kochkor suka wayi gari babu mai shiga. Atlas na Margilan yana da madogara ta biyu, domin matan Uzbekistan da Tajikistan da kansu suna ɗinka shi su sa a biki da salla, amarya kuma ana sa mata shi a kayan aure. Ku ma masu sayen hularku na farko suna nan kusa da ku, don haka ku fara da rubuta kwanakin da kowace hula ta ci da kuɗin zarenta, ku yanka mafi ƙarancin farashin da babu wadda za ta sallama ƙasa da shi, sannan ku nemi na waje da wannan lissafi a hannunku.